Zane a Fuskar Kwamfuta: A San Ciwo Kafin a Sayi Magani

Kaɗan ne daga cikin cututtukan kwamfutar tafi-da-gidanka suke tayar wa mai ita hankali kamar bayyanar zane a fuskarta. Mutum ya rufe ta da dare lafiya lau, gari ya waye ya buɗe, sai ya tarar wani siririn layi ja ko kore ya keto daga sama har ƙasa, ko kuwa layuka barkatai a kwance suna ta ƙyaftawa. In ɗalibi ne na ajin ƙarshe, wanda kundin bincikensa kaf yana cikinta, kuma an riga an yanke masa ranar miƙawa, to hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya gan shi a rumfar mai gyara. A can kuwa, sau da yawa, tun bai gama zuge jaka ba an yanke hukunci: fuska ta mutu, sai a sa wata.

Wannan hukunci na gaggawa shi ne abin dubawa. Zane a fuskar kwamfuta alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin ɗan Adam. Zazzaɓi yana iya zama na cizon sauro, yana iya zama na taifot, yana iya zama na wani miki da ya ruɓe, kuma likitan da ya ba kowane mai zafin jiki magani iri ɗaya ba tare da awo ba, ba za a ce masa ya san aikinsa ba ko da rabin majinyatansa sun warke. Haka nan mai gyaran da yake canza fuska duk lokacin da ya ga zane. Bincike shi ne ainihin sana'ar, kwance ƙusoshi da ɗaurawa kuwa ko yaron shago na wata uku zai iya.

Kafin a fahimci dalilin haka, wajibi ne mai karatu ya san yadda hoto yake isowa gaban idonsa. Fuskar yawancin waɗannan kwamfutoci gilasai ne guda biyu sirara, an matse wani irin ruwa mai kauri a tsakaninsu, ga kuma fitila a baya tana haskowa. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Friedrich Reinitzer shi ya fara lura da halin irin wannan ruwa a shekarar 1888, amma sai a shekarar 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa duniya fuskar da aka yi da shi. Aikin ruwan shi ne ya buɗe wa haske hanya ko ya tare shi, gwargwadon ƙarfin lantarkin da aka aika masa. Hoton da ake gani kuwa ɗigo-ɗigo ne. Fuskar da aka ce tana da 1920 sau 1080 tana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma an kasa shi uku, watau ja da kore da shuɗi. Saboda haka akwai layukan lantarki 5,760 da suke tsaye a jere cikin faɗin da bai wuce santimita 35 ba a fuska mai inci 15.6, kowannensu bai kai kaurin silin gashi ba, sa'an nan ga wasu 1,080 a kwance. Ana sabunta wannan hoto baki ɗayansa sau 60 a cikin daƙiƙa guda. In aka yi la'akari da wannan, abin mamaki shi ne yadda fuska take shekaru ba ta yi zane ba.

Hoton ba a cikin fuskar ake ƙirƙirarsa ba. Yana farawa ne daga manhajar da ke ba da umarni, ya je ga ƙwaƙwalwar sarrafa hoto da ke kan babban allon injin a ƙarƙashin madannai, sa'an nan ya bi ta wata siririyar waya mai baki 30 ko 40, wadda take ratsa gaɓar da murfi yake juyawa a kanta, ya isa wani ɗan allo da ke manne a gefen gilashi, daga nan ne ake raba shi ga waɗancan dubban layuka. Zango huɗu ke nan: manhaja, ƙwaƙwalwar hoto, waya, da gilashin kansa. Duk inda aka sami tangarɗa a cikinsu, a fuska za a gani, domin ita kaɗai ce take da bakin faɗa. Ke nan wanda ya kama fuska da laifi don a kanta aka ga zane, ya yi daidai da wanda ya kama ɗan aike don ya kawo mugun labari.

Rarrabe waɗannan zanguna bai buƙaci wani kayan aiki mai tsada ba, kuma mafi yawansa mai kwamfutar zai iya yi a ɗakinsa. Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne a jona kwamfutar da talabijin ko wata fuskar ta daban ta kafar HDMI, ko VGA in tsohuwa ce. In hoton ya fito a talabijin tas babu zane, to manhaja da ƙwaƙwalwar hoto sun kuɓuta, zargi ya koma kan waya ko gilashi. In kuwa zanen ya bi hoton har talabijin, to fuska ba ta da laifin komai, kuma ko sabuwa fil aka sa daga kwali, zanen yana nan inda yake. Wanda ba shi da talabijin a kusa yana iya sa kwamfutar ta ɗauki hoton abin da ke fuskarta da maɓallin da aka tanada don haka, ya tura hoton zuwa wayar hannu ya duba. Zanen da ya bayyana a cikin wannan hoto daga ciki ya taso, domin kwamfuta ba ta ganin gilashinta, abin da ta aika kawai ta sani.

Har wa yau akwai gwajin lokacin kunnawa. Da zarar an danna makunni, kafin Windows ko wata manhaja ta tashi, tambarin kamfani yakan bayyana, kuma ana iya shiga shafin BIOS. In babu zane a nan, sai bayan manhaja ta hau ya fito, to akwai kyakkyawan zaton cewa direban hoto ne ya rikice, watau 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin babbar manhaja da ƙwaƙwalwar hoto. Maganin wannan a cire shi a sake sawa, ko a koma wa wanda ake da shi kafin sabuntawa, kuma ko sukurudireba ba za a ɗauka ba. Kamfanin Dell ma ya sa wa kwamfutocinsa da yawa wani gwaji na musamman: a danne harafin D sa'an nan a kunna, fuska za ta riƙa nuna launuka zalla ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta jira ƙwaƙwalwar hoto ba. Zanen da ya fito a wannan hali na fuskar ne, babu tababa.

Inda gwanintar mai gyara take bayyana sosai shi ne wajen raba tsakanin waya da gilashi, domin a nan ne bambancin kuɗi ya fi yawa. Wayar nan tana lanƙwasa duk sa'ad da aka buɗe murfi ko aka rufe. Kwamfutar da ake buɗewa sau goma a yini ta lanƙwasa wayarta sau dubbai a shekara, kuma galibin waɗanda ke hannun ɗalibai na hannu ne, sun riga sun ci shekarunsu a Turai ko Amurka kafin su sauka Legas su biyo hanya zuwa Arewa. In aka riƙa motsa murfin a hankali, sai aka ga zanen yana sauyawa, ko yana ɓacewa a wani karkace ya dawo a wani, ko launuka suna rikiɗa gaba ɗaya, to waya ce ta fara karyewa ko bakinta ya saki. Wani lokaci zare ta da mayarwa kawai ya wadatar. In kuma ta karye ne, kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin fuska ba. Amma siririn layi guda, mai launi ɗaya, wanda yake tsaye cak a wuri guda komai aka yi wa murfi, wannan yawanci ciwon gilashi ne: ɗaya daga cikin waɗancan layuka 5,760 ya rabu da mahaɗinsa. Baƙin tabo mai kama da tawadar da ta malale, da layuka suna fita daga jikinsa, shi kuwa tsagewa ce, ko da hannu bai ji kaushi a waje ba, don gilashin ciki ne ya fashe.

Abubuwan da ke jawo wannan fashewa sanannu ne ga duk wanda ya zauna ɗakin kwanan ɗalibai. A bar biro ko abin sauraro na kunne a kan madannai a rufe murfi. A cusa kwamfuta cikin jaka tare da littattafai da caja, a jingina da ita a cikin a-daidaita-sahu. A ɗaga ta da kusurwar murfi da hannu guda. A fesa ruwa a fuska don goge ƙurar hunturu, ruwan ya gangara ya shige ƙasan firam, daidai inda ɗan allon nan yake a yawancin fuskokin yanzu. Ƙurar ma tana da nata ɓarnar ta wata hanya, don takan toshe fanka, zafi ya taru a kan ƙwaƙwalwar hoto, balle a watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato yake haura digiri 40.

Mai gyara yana da tasa hujjar, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Zai ce shi ya ga ɗaruruwan irin wannan, kuma a mafi yawansu fuskar ce. Zai ce mai kaya yakan zo a gaggauce yana so a gama masa yanzu-yanzu. Zai ce, wanda kuma shi ne gaskiyar magana, in ya ɓata rabin sa'a yana bincike ya gano bakin waya ne ya saki, ya danna shi ya koma, abin da zai samu shi ne godiya da addu'a, domin mai kaya bai ga an sa wani sabon abu ba. A wannan gaɓa laifin ya rataya ne a wuyan masu kai gyara. Al'ada ta sa ana biyan kuɗin kaya da kuɗin gumi, ba a biyan kuɗin sani. Muddin kuwa ribar mai gyara tana cikin kayan da ya sayar ne kaɗai, to an tura shi ne da hannu biyu ga sayar da kaya, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Wanda ya ƙi biyan kuɗin bincike ya sani cewa zai biya shi ninki ba ninki a cikin kuɗin fuskar da ba ta mutu ba.

Duk da haka, cewa a mafi yawan lokuta fuskar ce bai zama uzuri ba, domin tarihi ya nuna yadda irin wannan zato yake kai mutane ya baro. A shekarar 2008 kamfanin Nvidia na Amurka ya amsa cewa wasu daga cikin ƙwaƙwalen hoton da ya sayar wa masu ƙera kwamfutoci suna da aibi, mahaɗansu na ciki sukan tsage saboda yawan ɗaukar zafi da hucewa. Abin ya shafi kwamfutocin Dell da HP da Apple, har kamfanin ya ware dala miliyan 196 don biyan ɓarnar. Alamar ciwon ita ce zane da rikicewar hoto, ko fuska ta yi baƙi ƙirin. Duk wanda aka canza wa fuska a kan wannan ciwo ya yi asarar kuɗinsa a banza, alhali jonawa da wata fuskar na minti biyu ya isa ya tona asirin.

A kan wannan ciwo na ƙwaƙwalwar hoto ne kuma ake yin wani gyara da ya cancanci a kira shi gyaran gangar Auzinawa. Mai gyara yakan ɗauko na'urar hura iska mai zafi ya gasa ƙwaƙwalwar, kwamfuta ta tashi tas, mai ita ya biya ya tafi da murna. Bayan 'yan makonni ko watanni ciwon ya dawo, domin zafin ya ɗan haɗa bakin tsagewar ne kawai bai warkar da ita ba, wani lokaci ma ya ƙona abin da ke maƙwabtaka. Ba laifi ba ne a yi haka don a sami damar kwashe abin da ke ciki, amma laifi ne babba a karɓi kuɗinsa da sunan gyara. Haka nan cusa ɗan roba ko takarda a bayan firam don a danne mahaɗin da ya saki. Ya kamata kuma a tuna cewa yawancin kwamfutoci masu sauƙin kuɗi ba su da ƙwaƙwalwar hoto ta daban, tana cikin babbar ƙwaƙwalwa ne, kuma da RAM ɗin kwamfutar take aiki. A irin waɗannan, RAM da ya lalace ko bai zauna daidai ba yana iya rikita hoto, kuma zare shi a goge a mayar bai ɗauki minti biyar ba.

To, in bincike ya tabbatar gilashin ne, babu makawa sai canji, don mahaɗan nan an lika su ne da injin masana'anta, ba a kama su da dalma. A nan ma akwai ramuka. Na farko, dole a cire batir ko a zare wayarsa kafin a taɓa wayar fuska, domin akwai lantarki a bakinta ko kwamfutar tana kashe, kuma kuskure kaɗan ya isa ya ƙona fis ɗin fitila a kan babban allo, garin neman gira a rasa ido. Sa'an nan ba sunan kamfanin kwamfuta ake bi wajen sayen fuska ba, domin HP da Lenovo da Dell ba su suke ƙera gilashin ba, saye suke yi daga wasu 'yan kamfanoni ƙalilan. Akwai lamba a bayan kowace fuska: wadda ta fara da B156 ta AU Optronics ce, N156 ta Innolux, dukansu a Taiwan, LP156 ta LG ce a Koriya ta Kudu, NT156 ko NV156 kuwa ta BOE ce a ƙasar Sin. Lambar 156 ɗin tana nufin inci 15.6. Wannan lamba ake bi, tare da yawan bakin waya da irinsa, don akwai tsohon tsari na LVDS da sabo na eDP, kuma dukansu suna da nau'i mai baki 40 da ido ba zai raba ba, ga shi ba sa shiga wa juna aiki. Haƙƙin mai kaya ne a nuna masa lambar tsohuwar da ta sabuwar, a gaya masa in wadda aka sa cirarriya ce daga wata kwamfutar, a kuma miƙa masa tsohuwarsa ya tafi da ita. Mai gyaran da ya ƙi mayar da tsohuwar fuska ya buɗe wa kansa ƙofar zargi, don mai lafiya ce kaɗai take da kasuwa.

Wani abin lura a gefe: gyaran fuska bai buƙaci kalmar sirrin mai kwamfuta ba. Shafin BIOS da tambarin kunnawa sun isa a gane ko zane ya tafi. Wanda ya miƙa kalmar sirrinsa ya bar kwamfuta ta kwana a kasuwa, ya miƙa hotunan iyalinsa da wasiƙunsa ga mutumin da bai san ko sunan mahaifinsa ba.

Ba za a gama rabon laifi ba sai an kai ga masu ƙera kwamfutocin kansu, waɗanda suke ta ƙunsa wa mai gyara hannu da sunan rage kauri. A da fuska ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da ita, yanzu kuwa da yawa an lika su da gam. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne MacBook Pro na 2016, inda kamfanin Apple ya yi amfani da wata siririyar waya da take miƙewa duk lokacin da aka buɗe murfi, har ta gaji hasken fuska ya fara lalacewa daga ƙasa. Da yake an haɗe wayar da fuskar ta yadda ba a raba su, ciwon 'yar waya sai ya zama na canza murfi sukutum. Sai a watan Mayu na 2019, bayan koke-koke sun yi yawa, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta ga masu inci 13 na shekarar 2016. Irin wannan ne ya sa ƙasar Faransa, daga watan Janairu na 2021, ta wajabta a rubuta wa kwamfutar tafi-da-gidanka maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaranta, don mai saye ya gani kafin ya biya. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tsofaffin fuskoki masu fitilar kwalba suna ɗauke da zaiba, kuma a juji suke ƙarewa, inda yara suke tsince-tsince.

Abin da ya rage a hannun mutanen wannan ƙasa ya fi wancan sauƙi. Kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, suna da ƙungiyoyi da shugabanni waɗanda maganarsu take da nauyi a kan 'yan kasuwar. Babu abin da zai hana su tsayar da kuɗin bincike sananne, wanda za a biya ko an yi gyara ko ba a yi ba, a kuma cire shi daga kuɗin aiki in an yi. Fuska guda ta gwaji a rataye a bango da wayar HDMI ta ishi rumfa, kuma a gaban mai kaya za a jona, ya gani da idonsa. Ta haka mai gyara na ƙwarai zai ci amfanin saninsa, a kuma bambanta shi da wanda bai iya komai ba sai canji.

Akwai ma zanen da hikima ita ce a ƙyale shi. Siririn layi guda a can gefe, wanda bai hana karatu ba, yana iya shekara bai ƙaru ba, kuma ba ya taɓa abin da aka adana, don rubuce-rubuce ba a cikin fuska suke ba. Abin da ya wajaba shi ne a kwafe su zuwa wani wuri tun ranar da aka fara ganin zanen, musamman in gwaji ya nuna daga ciki yake, domin kwamfutar da ƙwaƙwalwar hotonta ta fara ciwo tana iya ƙin tashi kowace safiya.

Mai shirin sayen ta hannu kuwa, gwajinsa a wurin ciniki ne, tun kuɗi suna aljihu. Ya sa a cika masa fuskar da fari zalla, sa'an nan baƙi, sa'an nan ja da kore da shuɗi, yana duban kusurwoyi da gefuna. Ya buɗe murfin ya rufe a hankali sau da dama yana kallon hoton, ya ji ko gaɓar ta yi tauri har tana murɗa firam, don gaɓa mai tauri ita take cin waya ta kuma tsaga gilashi daga kusurwa. Ya bar ta a kunne da bidiyo na kamar rubu'in sa'a har ta ɗauki zafi, domin akwai zanen da ba ya fitowa sai injin ya gasu.